Kafin Ka Sa Wa Giyarka Wuta

Bayan sallar isha'i ne, ina zaune a ƙofar gida ina shan iska, sai ga ɗan ƙanwata ya faka Golf ɗinsa dab da tabarmata. Ya kashe fitilun gaba, ya leƙo ta taga ya ce, "Kawu, taso ka ga wani abu." Na taso na leƙa. Tsakanin kujerun gaba wani dogon abu ne garai-garai kamar ƙanƙara, da 'yan kumfa-kumfa a cikinsa, yana zuba shuɗin haske har kan rufin motar. Sabon kan giya ne ya sa. Ya danna wani ɗan maɓalli ya koma kore, ya sake dannawa ya koma ja. Kafin ka ce kwabo yaran unguwa sun yanyame motar. Abin ya yi kyau, ban ɓoye masa ba, na ce Allah ya tsare hanya.

Ashe fitilar ba ta mutuwa ko an zare makulli. Da dare sai ya cire hularsa ya kifa mata, don kada ta ja hankalin masu leƙe-leƙe. Haka ya kifa mata hula ya bi motar haya zuwa Kano, ya yi mako guda. Ranar da ya dawo ya murɗa makulli, mota ko tari ba ta yi ba. Sai da yaran nan da suka yi mata kallo suka tura ta har bakin titi.

Ku samari, kada ku ɗauka zan ce ku bar ado. Ni ɗan garin nan ne, na tashi ina ganin yadda ake shirya doki ranar hawan sallah a ƙofar fadar Moi Fika, na kuma ga yadda direbobin tirelolin Potiskum suke kashe kuɗi wajen mai fenti don a zana musu zaki ko dawisu a bayan bodi. Da aka hana hawa babur a shekarun rikici, Keke Napep ya cika gari, shi ma bai tsira daga kwalliya ba. Wanda ya tara kuɗinsa da guminsa ya sayi 'yar Starlet ko Micra ko 206, yana da haƙƙin ya ji daɗin zama a cikinta. Sai dai duk wanda ya taɓa ɗaura sirdi ya san jalala ido take ɗauka, amma majayin da ke ƙarƙashin cikin doki shi ke riƙe da mahayi. A kan majayin nake son mu yi magana.

Washegari na sa ɗan ƙanwar tawa ya ɗaga rigar fatar da ke rufe gindin giya. Abin da na gani har yanzu yana idona. Wayoyi biyu ne sirara kamar zaren ɗinki suka sauko daga kan giyar. An fere musu baki, da alama da haƙori, an murɗa ɗaya a jikin wayar rediyo, an naɗe wurin da yankin baƙar leda, an bi da farin salatif irin na liƙe ambulan. Zafi ya riga ya narkar da gam ɗin salatif ɗin, ya saki, jan ƙarfen wayar yana leƙowa, tsakaninsa da ƙarfen gindin giya bai kai faɗin yatsa ba. Ɗaya wayar kuwa an cusa ta ne kawai a ƙarƙashin wani noti mai tsatsa. Na buɗe akwatin fiyus. A gurbin fiyus ɗin rediyo babu fiyus, silin waya ne aka lanƙwasa aka cusa. Wannan ba ma aikin ranar ba ne, wani ne ya yi shi tun kafin motar ta zo hannunsa. Na tambaye shi wa ya haɗa masa fitilar, ya ce wani yaro ne a gefen mai sayar da kayan, minti goma ya gama. Ban nemi sanin sunansa ba.

Ku tuna irin motocin da muke hawa. Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf 3 a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Yobe daga tsohuwar Borno, wato motar sa'ar jiharmu ce. Peugeot 206 ta fito a 1998. Yawancinsu sun gama ƙuruciyarsu a sanyin Turai, suka bi jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, sannan suka zo suka sha ranar Afrilu da ƙurar hunturu a nan. Robar da ke jikin wayoyinsu ta bushe, in ka lanƙwasa ta sai ta tsage kamar busasshen ganye. Kuma ba ka san hannu nawa ne ya shiga bayan dashbod ɗin kafin naka ba. A irin wannan gida za ka shigo da baƙo.

Tambayar farko ita ce daga ina fitilar za ta sha wuta, domin wutar cikin mota ba iri ɗaya ba ce. Akwai wayar da ke da wuta dare da rana, kai tsaye daga batir. Akwai wadda sai an murɗa makulli. Akwai kuma wadda sai an kunna ƙananan fitilu, ita ce ke haska mita da maɓallan dashbod. Jamusawa sun ba kowacce lamba, kuma in ka duba jikin rile ko bayan makunnin fitila a motocinsu za ka ga lambobin a rubuce: 30 ita ce mai wuta kullum, 15 ta makulli, 58 ta ƙananan fitilu, 31 kuma ita ce wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. Rewayan da ya san aikinsa ya haddace su kamar lambar wayarsa. Kan giya mai haske wurinsa 58, ya kama tare da fitilun mita in duhu ya yi, ya mutu tare da su. In hakan ya gagara, a ba shi ta makulli. Yaron da ya yi wa ɗan ƙanwata aiki ya ɗauki wayar da ke riƙe wa rediyo tashoshinsa, wadda ba ta barci, don ita ce ta fara kawo wuta da ya taɓa. Abin haushin shi ne wayar da ta dace tana nan kusa. A yawancin ƙananan motoci akwai ɗan ƙwan da ke haska bakin laita ko wurin zuba tokar sigari, taƙi ɗaya daga gindin giya, kuma da ƙananan fitilu yake kamawa.

Kada ka yarda da launin waya kaɗai. A motocin Jamus ruwan ƙasa ita ce ta jikin ƙarfe, a Toyota kuma fara mai baƙin layi, amma motar da ta shekara talatin tana yawo gareji-gareji ba lallai launukanta su faɗi gaskiya ba. Fitilar gwaji ita ce alƙali. Ka maƙala bakinta a ƙarfe, ka taɓa wayar da makulli a zare, ka sake taɓawa da makulli a murɗe, ka sake da ƙananan fitilu a kunne. Sau uku, ka san wace ce. Ka kuma karanta kwalin abin da ka saya. Wasu an yi su ne don volt 12 na mota, wasu kuwa volt 5 suke so irin na cajar waya, in ka ba su 12 sau ɗaya za su haska su yi sallama da kai. In kuma ka haɗa bai kama ba, kada ka yi saurin cewa an cuce ka: irin wannan ƙwai ta hanya ɗaya kawai wuta ke bi ta cikinsa, juya wayoyin biyu ka gani.

Wani zai ce ɗan ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba, me zai ci a batir? Mu yi lissafi. Ƙwai ɗaya yana jan kamar kashi 2 cikin 100 na amfiya. A ce masu canza launin nan, da ƙwayayensu da ɗan allon da ke sarrafa su, suna jan kashi ɗaya cikin goma na amfiya. A awa 24 ya sha 2.4, a mako guda ya kusa 17. Batirin ƙaramar mota sabo fil yana ɗaukar 45 zuwa 60 ne, kuma wa ke da sabo? Zafin garin nan yana tsufar da batir tun bai shekara biyu ba. Wanda ya rage masa rabin ƙarfi, ka zare masa 17, ba zai iya juya kik ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Mutuwar batir ma da sauƙi, turi ne kawai da 'yar kunya. Maganar fiyus ita ce mai nauyi, kuma a nan nake roƙon ku nutsu. Mutane da yawa suna ɗauka fiyus rediyo yake karewa, ko fitila. A'a, waya yake karewa. An yi shi ne ya zama mafi rauni a layin, don in wayoyi suka haɗu, wuta ta taho da yawa, shi ya fara narkewa ya yanke ta kafin wayar ta yi ja. Shi ya sa kowace waya da fiyus daidai kaurinta, kuma launinsa yana faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. To ka ɗauko wayar da ba ta fi zaren ɗinki ba ka jingina ta a layin da fiyus mai 20 ke tsaro. Ranar da ta goge ta taɓa ƙarfe, tana iya yin ja ta narkar da robarta alhali fiyus ɗin bai ji komai ba. In kuma silin waya aka cusa a gurbinsa, kamar yadda na tarar, to babu mai tsaron ƙofa sam. Batirin da ke iya tura ɗaruruwan amfiya don tayar da inji zai juye ƙarfinsa a cikin wannan zaren. Me ke kewaye da shi? Kafet, soso, roba, da tarin takardu da ledojin da suka shekara suna faɗawa gefen kujera. A wasu motocin ma bututun fetur ta ƙarƙashin wannan daɓen yake bi. Maganin abin ba shi da tsada: ɗan fiyus mai gidansa, na amfiya 1 zuwa 3, a sa shi daidai inda aka ɗebo wutar. Bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Kuma duk fiyus ɗin da ya ƙone ka canza ya sake ƙonewa, magana yake yi maka. Ba a toshe masa baki da mafi girma.

Akwai abin da ya bambanta kan giya da sauran fitilun kwalliya: shi motsi yake yi. Daga tasha zuwa kasuwar hatsi, a cunkoson Keke Napep, ƙirga sau nawa hannunka ke kai giya gaba ya dawo da ita baya. Kowane motsi lanƙwasa wayar yake. Ɗauki silin waya ka yi ta lanƙwasa shi a wuri ɗaya ka ga minti nawa zai yi. Saboda haka wayar ta bi jikin sandar giya ta sauka, a ɗaure ta da ɗaurin roba, a zura ta cikin 'yar tiyo inda za ta goga da ƙarfe, a kuma bar mata rara a ƙasa, 'yar lanƙwasa sakwa-sakwa, yadda ko an sa giya ta biyar ko ribas ba za ta miƙe ta ɗaure ba. Kafin a mayar da rigar giya, a shiga kowace giya ana kallon wayar. Mahaɗa kuma a liƙe ta da dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, ko aƙalla baƙin salatif na masu aikin wuta. Leda ta cefane ce.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir, na mainos, wanda ke haɗe da jikin mota. In kuma ka ga waya ko soket mai launin rawaya a wajen gindin giya, ka janye hannunka. Wannan layin jakar iskar nan ce da ke fashewa lokacin haɗari, kuma a motoci da yawa akwatin da ke sarrafa ta a nan tsakiya yake zaune, kusa da giya ko birkin hannu. Ba a tsokanarsa da fitilar gwaji.

In duk wannan ya yi maka yawa, akwai kawunan giya masu batirinsu a ciki, ana cajinsu kamar waya, sai hannu ya taɓa su suke kamawa. Ba a yanka wayar mota ko ɗaya. Zafi yana gajarta musu kwana, amma in sun mutu su kaɗai suka mutu.

Sai shi kansa kan giyar, yadda zai zauna. Ba kowace sanda ce iri ɗaya ba. Na Toyota da Honda da Nissan murɗawa ake yi, amma zarensu ya sha bamban: Toyota mai kaurin milimita 12 ne, Honda da Nissan 10, su biyun ma tazarar zarensu ba ɗaya ba. Na 206 ba shi da zare, fizgo shi ake yi sama. Abin da ake sayarwa a matsayin mai shiga kowace mota yakan zo da 'yan robobi da ƙananan sukurori uku da ake ɗaurewa da alanki, kuma ramukan hanyoyinmu suna kwance su a hankali. Ka yi tunanin ka fito za ka wuce tirela a hanyar Azare, ka kai hannu za ka sauko daga ta huɗu zuwa ta uku, kan giya ya biyo hannunka. In ka tilasta zaren da ba nasa ba kuwa, ka cinye zaren sandar, ko na asalin ba zai sake zama ba. Motocin Opel da wasu irinsu suna da zobe a ƙarƙashin kan giya wanda sai ka ɗaga shi ribas ke shiga. Kan da bai bar wa zoben wuri ba ya raba ka da ribas, ko ya bar ƙofarsa a buɗe. Mai otomatik kuma ya sani maɓallin da ke jikin kan giyarsa kulle ne, shi ke hana sandar zamewa daga P ko faɗawa R da ɗan turi. Ni dai ban ga kwalliyar da ta kai a cire shi ba.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Kan giya na asali yana ɗauke da taswira. A Golf 3 ribas yana sama ta hagu, gefen giya ta ɗaya, sai ka danna sandar ƙasa. A Starlet da Corolla yana ƙasa ta dama, bayan ta biyar. Na ɗan ƙanwata babu zane ko ɗaya a kansa, wasu kuma suna zuwa da zanen wata motar daban. Kai ka saba, hannunka ya haddace. Amma motar ɗan Potiskum ba tasa ba ce shi kaɗai: ƙani zai ara, aboki zai kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, yaron gareji zai matsar da ita. Ka nemi mai taswirar motarka, ko ka liƙa 'yar takarda a dashbod. Na asalin kuma kada ka yar, ka adana shi, ranar sayar da mota zai yi maka rana.

Doguwar sandar nan mai kama da ƙanƙara tana da nauyi, tana kuma jan hannu ya kwanta a kanta, alhali ɗora hannu a giya ana tafiya yana cin ƙarfen da ke tura giyoyi a cikin giyabos. Na ƙarfe kuwa, ka bar mota a rana a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka dawo ka kama shi, za ka tuna da ni.

Yanzu hasken kansa. Shuɗin ƙwan nan da ake sayarwa a bakin titi kamar gyaɗa, masana sun shafe kusan shekara talatin suna neman yadda za su yi shi. Ja ya samu tun 1962 a Amurka, a hannun Nick Holonyak, amma shuɗi mai haske sai farkon shekarun 1990 a Japan, kuma saboda shi aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Da shi aka samu farin ƙwan da ke cikin tocilan da fitilun sola na gidajenmu. Abin girmamawa ne. Amma bai dace da gefen direba da dare ba. Ido yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin kafin ya gama sabawa da duhu, haske mai ƙarfi kuma yana rushe wannan sabon cikin ɗan lokaci. Shuɗi da fari sun fi yin ɓarna, ja da ruwan lemo sun fi sauƙi. Kamfanin Saab na Suwidin, wanda asalinsa ƙera jiragen sama yake yi, ya sa wa motocinsa wani maɓalli tun 1993: in ka danna shi da dare duk fitilun dashbod sai su mutu, a bar maka mitar gudu kaɗai. Su sun biya injiniyoyi su rage haske a gaban direba, mu muna biya a ƙara mana.

Wanda ya taɓa tuƙi daga nan zuwa Damaturu bayan magariba, kilomita ɗari ko kusa da haka, ya san abin da nake nufi. Daren Laraba tireloli suna fitowa daga kasuwar shanu a jere sun nufi kudu. Wata ta lalace a gefen hanya babu fitila ko ɗaya a bayanta, sai 'yan rassan itace da yaron mota ya jera a kwalta. Ga garken da zai tsallaka, ga mai keke sanye da baƙar riga, ga hazon hunturu. Duk waɗannan inuwa ce a cikin inuwa, da gefen ido ake fara tsinkayarsu. Fitilar da ke walƙiya kusa da gwiwarka tana faɗowa a gilashin gaba da na gefe, tana canza launi, tana jan idonka ƙasa. In za ka sa, ka sa mai launi ɗaya, mai laushin haske, wanda ba ya ƙyaftawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: zauna a mota cikin duhu, kunna shi, dubi gilashin gaba. In ka ga hotonsa a ciki, ya yi yawa.

Wajen mai aiki kuma, kada ka miƙa makulli ka tafi shan shayi. Ka tsaya. Ka ce, "Maigida, daga ina za ka ɗebo wutar? Ina fiyus ɗinta?" Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambaya, daɗi ma yake ji ya samu mai gane aikinsa. Wanda ya ce maka "ba komai, haka muke yi," ka yi masa godiya ka ja motarka. Ku kuma ƙannena da ke koyon rewaya a garejojin garin nan, na san ba mugunta ba ce, haka kuka ga ana yi, kuma mai mota yana tsaye a kanku yana cewa a yi sauri a kuma yi araha. Amma fitilar gwaji da 'yar mita da ƙarfen dalma ba su fi ƙarfinku ba. Motocin da ke shigowa yanzu cike suke da kwamfuta, ba sa yafe murɗa-ka-naɗe. Garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha bai kamata a ce ana fere waya da haƙori a cikinsa ba.

Da muka gama duba wayoyin, na zagaya na tsuguna a gaban tayarsa ta gaba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Na karanta masa tasa, na ce ya lissafa. Ya lissafa, ya sosa ƙeya. Tayar ta girmi ƙanwarsa da ke aji uku a firamare. Ban ƙara cewa komai ba.

Ranar Asabar muka kai motar wurin wani dattijon rewaya da na daɗe da sani. Ya zare silin wayar nan daga akwatin fiyus, ya ɗaga shi sama yana kallo, ya ce, "Alhaji, wannan ai ashana ce." Ya ɗebo wuta daga ƙwan laita, ya sa ɗan fiyus mai 2, ya liƙe da dalma, ya sa yaron ya shiga giya ɗaya bayan ɗaya har ribas yana haska gindin da tocila. Aikin minti goma ya ci awa ɗaya da rabi. Aka samo wani gajeren kan giya mai jan haske da taswirar Golf a samansa, aka ɗaura. Doguwar ƙanƙarar kuwa ya ƙi rabuwa da ita. Ya naɗe ta a tsumma ya sa a aljihun dashbod, wai sai ranar ɗaukar amaryar abokinsa, tunda a cikin gari za a yi jerin gwano, kuma yanzu akwai fiyus.